Ɗan Kayan Likita

A can ƙarshen filin jirgi, bayan tankokin mai, akwai wata rumfar kwano inda ake gyaran ƙananan jirage, irin masu farfela ɗaya a hanci. Bakaniken da ya fi kowa daɗewa a wurin shi ake kira Kilo-nawa. Sunansa na gaskiya yana nan rubuce a katin aikinsa, amma ko mai gadin da ke duba katin kullum bai taɓa kiransa da shi ba. Shekara talatin ke nan, duk wanda ya doso jirgi da wani abu a hannu, kafin gaisuwa ta yi nisa zai ji an ce, "Kilo nawa ne wannan?" To, sunan ya bi shi har gida.

Mutum ne ƙaƙƙarfa, mai faɗin kafaɗa da ƙaton tumbi, ga fensir kullum a bayan kunne. Hannunsa kansa sikeli ne. In ya ɗaga jaka ya ɗan jijjiga ta ya ce sha uku, ka kai ta kan ma'auni, sha ukun za ka gani. Matarsa, wadda yake kira Malama saboda koyarwa take yi, ta daina zuwa kasuwa da shi tun ranar da ya ɗaga ledar nama ya gaya wa mahauci a gaban jama'a cewa kilonsa bai cika ba.

A duk maganar da mutane ke yi, babu kalmar da ya tsana irin "ɗan". Ɗan kaya ne kawai. 'Yar jaka ce. Ɗan kwali ne, ba nauyi. Da ya ji ta sai gabansa ya faɗi, don ya lura ba a taɓa liƙa ta a kan abu mara nauyi ba. Wanda ya riƙo jarida ba ya cewa 'yar jarida ce, shigewa yake yi abinsa. Sai mai buhu ne ke zuwa yana murmushi yana cewa ɗan buhu.

Akwai dalili. A shekararsa ta biyu a wannan aiki, wata rana da tsakar rana, wani matuƙi mai fara'a ya gama loda jirginsa, sai fasinja ya kawo akwatin ƙarfe ya ce ɗan kayan aiki ne. Kilo-nawa ya ɗaga, hannunsa ya gaya masa gaskiya, amma ya ji nauyin yin magana a gaban manya, ya tura akwatin baya ya rufe ƙofa. Jirgin ya ci titi, ya ci titi, ya ƙi rabuwa da ƙasa, sai dab da ƙarshe ya ɗaga da ƙyar. Tayarsa ta kama shinge, ya kife a gona. Ba wanda ya mutu. Amma matuƙin bai sake tashi da jirgi ba, da ɗingishi ya ƙare rayuwarsa, kuma duk inda suka haɗu sai ya gaishe shi da fara'ar nan, ko sau ɗaya bai ɗora masa laifi ba. Wannan fara'a ta fi zagi cin ransa. Tun daga ranar yake tambayar kilo nawa, kuma tun daga ranar ya ƙudurta ba zai taɓa shiga jirgi ba. Ya kwance injinsu ya ɗaure ba adadi, ya san kukan kowanne, amma ƙafarsa ba ta taɓa barin ƙasa ba.

Yana da ƙane guda, likitan haƙori, wanda ya girme wa da shekara goma sha biyu. Kilo-nawa ne ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya yi ta ɗawainiyarsa har ya zama abin da ya zama. Likita mutum ne mai dariya da son gwada sabon abu. Da ya cika shekara hamsin, maimakon ya nemi kujera mai laushi ya zauna kamar sauran tsararrakinsa, sai ya shiga koyon tuƙin jirgi. Ranar da ya fara tashi shi kaɗai, Kilo-nawa ya shige ɗakin ajiyar kayan aiki ya rufe ƙofa, ya yi ta jera sifanu da suke a jere tun da safe, har sai da ya ji tayoyi sun taɓa ƙasa.

Ya ɗauka da an ba shi lasisi sha'awar za ta kwanta. Ina! Wata ranar Litinin sai ga Likita a rumfa, hannu a aljihu.

"Yaya, jirgi zan saya."

"Na wasan yara?"

"Na gaske. Ƙarami. In riƙa zuwa lambuna ranar Asabar, in dawo Lahadi da yamma. Akwai guda biyu a hannun dillali, kai za ka zaɓa mini. Wanda ka ce, shi ke nan."

Kilo-nawa ya ji kamar an ɗora masa injin jirgi a ƙirji. Da Likita ya zaɓa da kansa, da ya samu bakin faɗa. Yanzu kuwa duk abin da ya faru da ƙaninsa a sama, da bakinsa ya faru.

Ya san lambun, ko da yake rabonsa da shi shekara huɗu. Yana wani gari mai nisa, tafiyar awa goma sha huɗu a mota kan hanyar da ramukanta suka fi kwaltarta yawa. A garin ne 'yarsa Auta take aure. Tun da aka yi masa tiyata a gadon baya likitoci suka hana shi doguwar tafiyar mota, saboda haka jikansa, mai shekara ɗaya da rabi yanzu, a waya kawai yake ganinsa. Malama ta je sau biyu ta dawo da labarai. Shi dai ya kan saurara, ya ce madalla, ya tashi ya nemi abin gyarawa. Filin saukar garin kuwa ya san shi a takarda: gajere, na ciyawa, da dogayen itatuwa a ƙarshensa, kuma ba a sayar da man jirgi a can.

Dillali ya kawo jiragen biyu aka ajiye su gefe da gefe a rumfa. Na farko fari ne tas da jan layi, kujeru huɗu na fata, yana sheƙi har mutum na ganin fuskarsa a jikinsa. Na biyu tsoho ne, fenti ya koɗe, fukafukansa a sama, ƙofarsa faffaɗa, kujeru shida da yadin ya fara tsagewa. Wata gonar kaji ce ta yi shekaru tana jigilar 'yan tsaki da shi, kuma in ka sa hanci a ciki za ka yarda da hakan. Injinsa babba ne, ga shan mai.

Likita ko kallon tsohon bai yi ba. Ya shafa farin, ya zauna a ciki, ya fito, ya sake shiga.

"Kujera huɗu, Yaya. Daidai da ni."

"Kujera huɗu ba mutum huɗu ba ne," in ji Kilo-nawa. "Masu ƙera shi sun sa kujerun ne don ido. Abin da zai iya ɗagawa duka kilo ɗari huɗu ne, har da mai. Man zuwa da dawowa da na ko-ta-kwana, ɗari da ashirin. Saura ɗari biyu da tamanin. Su wa za ka ɗauka?"

"Ni, da Maman 'Yan-biyu, da Yaya Babba, ka san tana son lambun."

Maman 'Yan-biyu matar Likita ce, Yaya Babba kuwa yayarsu ce su duka.

"Kujera ta huɗu fa?"

Likita ya kau da kai yana goge gilashin jirgin da hannun riga. "Wani ɗan kaya ne."

Fensirin ya tsaya a hannun Kilo-nawa.

"Kilo nawa?"

"Haba Yaya, ɗan kaya ne na ce. Na yi lissafina, ya shiga."

"Na ce kilo nawa?"

"Kai ma ka san shi. Bari in gudu, akwai mai ciwon haƙori yana jirana."

Ya fice yana dariya, ya bar yayansa tsaye da fensir.

Kwana goma Kilo-nawa ya yi a kan jiragen nan. Ya kwance murfin injinsu, ya leƙa ko'ina da tocila, ya karanta littattafan gyaransu shafi shafi. Gaskiya dai farin ba shi da aibi, lafiyarsa ƙalau, kuma hakan ya ba shi haushi, don ya so ya samu ko tsatsa ce ya fake da ita. Tsohon ma garau yake, muninsa a fata ne kawai.

Saura nauyin mutane, kuma nan ne aikin ya yi wuya. Ya kira Maman 'Yan-biyu a waya, suka gaisa, ya tambayi yara, ya tambayi aiki, ya sake tambayar yara, sannan ya yi gyaran murya.

"Ƙanwata, kada ki ga rashin kyautawata. Aiki ne ya sa. Nauyinki nake son sani."

Ta ce, "Sittin da 'yan kai ne, Yaya."

'Yan kai! Ga kalmar nan ta sake dawowa da wata riga. Ya yi godiya ya kashe waya. Yaya Babba kuwa ko amsa ba ta ba shi ba, cewa ta yi, "Ni da na goya ka za ka tambaya kilo nawa? Lokacin da kake bayana na tambaye ka?"

To, a tsakiyar rumfar akwai wani faranti na ƙarfe da aka shafe daidai da siminti, wanda ake auna manyan kaya a kai. Allurarsa tana jikin bango, tana fuskantar teburinsa. Wanda bai sani ba zai ɗauka murfin rami ne. Ya gayyato matan biyu su zo su ga jiragen, ya tare Maman 'Yan-biyu daidai kan farantin, ya ja gaisuwa yana satar kallon bango. Tamanin da biyu. 'Yan kan nan ashe har ashirin ne da biyu. Yaya Babba ta zo sittin da takwas da jakar hannunta, bai cire nauyin jakar ba don tun da yake bai taɓa ganinta babu ita ba. Ya ji kunyar abin da ya yi, har ya saya musu lemo mai sanyi bai faɗi dalili ba.

Ya haɗa lissafi. Likita saba'in da tara. Su uku, ɗari biyu da ashirin da tara. Saura hamsin da ɗaya. Wato farin zai yi, in dai ɗan kayan nan bai wuce kilo hamsin ba, in kuma ba a tashi da rana tsaka ba, don iska mai zafi ba ta riƙe jirgi kamar mai sanyi. Amma Likita da yammacin Lahadi yake son dawowa, daga gajeren filin ciyawa, da itatuwa a gabansa.

Mene ne wannan kaya? Ya yi ta juya abin a ransa. Injin ban ruwa? Wannan ya kai sittin. Janareto? Buhunan taki? Ko kujerar cire haƙori zai kai can, don ba abin da Likita ba zai iya ba? Ya kira shi sau uku, sau ukun yana zillewa da dariya. Abinci ya daina shiga. Yana zaune a tebur sai ya ga shingen nan na shekara talatin da suka wuce, da taya tana juyawa a sama, sai dai a wannan karon fuskar ƙaninsa yake gani a bayan gilashi.

Malama ta lura. "Baban Auta, in abin ya dame ka haka, ka ce masa tsohon kawai mana."

"In ya tambaye ni dalili fa? Lissafi ya ce farin zai yi. Ban taɓa yi wa lissafi ƙarya ba."

"To ka ce farin."

"Ban san kayan ba."

Ta dube shi kamar za ta ce wani abu, sai ta ɗauke kwanon da bai taɓa ba ta wuce kicin. Daga baya ya gane ta sani tun farko.

Ranar Asabar da safe aka taru a rumfa. Dillali ya shimfiɗa takardunsa a kan teburin, Likita ya zo da matarsa da Yaya Babba, har Malama ta biyo su, wai ta zo ganin jirgi. Kowa yana fara'a ban da mutum ɗaya.

"To Yaya, wanne?" in ji Likita, yana jingine da farin.

Kilo-nawa ya zare fensir daga bayan kunne ya ajiye.

"Ba zan ce komai ba sai ɗan kayanka ya hau sikelin nan. Na taɓa yin shiru a kan ɗan kaya sau ɗaya, mutum ya rasa ƙafarsa. Kai ba ƙafarka kaɗai nake tsoro ba. Ni na raine ka. In ka ga dama ka yi fushi, ka nemi wani bakanike, amma ba da bakina ba."

Dariyar Likita ta ɗauke. Ya dubi Malama, ta gyaɗa masa kai.

"To Yaya, hau."

"Me?"

"Ka hau sikelin. Kai ne kayan."

"Ni? Ba lambunka za ka riƙa zuwa ba?" in ji Kilo-nawa.

"Lambu me?" in ji Likita. "Lambun da mai gadi ke kula da shi? Shekara huɗu ba ka ga Auta ba. Yaron nan ya fara tafiya ba ka taɓa ɗaukarsa ba. Mota ta gagare ka, a jirgi kuwa awa biyu ne. Don wa kake tsammani na je na zauna a aji da yaran da na haifa ina koyon tuƙi? Na san in na faɗa maka tun farko, cewa za ka yi a'a kafin in rufe baki."

Kilo-nawa ya sunkuyar da kai. Ya dubi farantin. Shekara talatin da ɗaya yana tura kaya a kansa, yana jan mutane su tsaya a kai, amma shi kullum zagaye shi yake yi, don bai taɓa lissafa kansa cikin abin da zai tashi ba. Ya taka a hankali ya hau. Allura ta zabura, ta yi rawa, ta tsaya.

"Ɗari da huɗu," in ji Yaya Babba da ƙarfi, don ta rama. "Ɗan kaya!"

Likita ya zaro wata takarda daga aljihu yana sosa ƙeya. "Ni saba'in da biyar na sa maka."

"Yaushe rabona da saba'in da biyar? Tun kana makaranta." Ya karɓi takardar. Maman 'Yan-biyu sittin da biyu, Yaya Babba sittin, shi saba'in da biyar. Lissafin daidai yake, babu kuskure ko ɗaya a haɗawa, har ya rage kilo huɗu. Lambobin ne duk na kunya, kowa an rubuta masa abin da zai ji daɗi. Da wannan takarda ƙaninsa ya yi niyyar fuskantar itatuwan nan da yammacin Lahadi. Kilo-nawa ya ajiye takardar a kan tebur.

Ya ɗauki fensir ya sake haɗawa. Da shi a ciki, farin ya yi nauyi da kilo hamsin da uku.

A nan ne wani tunani ya zo masa, mai daɗi kamar inuwa. In ya ce farin, ba ƙarya ya yi ba. Zai ɗauki mutum uku da jakunkunansu lafiya lau in an kiyaye lokaci. Likita zai samu jirgin da ransa ke so. Shi kuma babu mai sake ce masa ya hau, don lissafi da kansa ya hana, kuma kowa ya san ba ya jayayya da lissafi. Kalma ɗaya ce, ya zauna a ƙasa har ƙarshen ransa. Ya juya ya kalli tsohon jirgin da faffaɗar ƙofarsa. Tsoro yake ji, tsoro na gaske, irin wanda ke sa bakin mutum ya bushe.

Dillali ya duba agogo. "Ranka ya daɗe, wanne za a rubuta?"

Kilo-nawa ya dubi ƙaninsa.

"Farin ba zai ɗauke mu ba."

Likita ya ɗago kai da sauri. Bai ce komai a kan jirgin ba, kalma ɗaya kawai ya maimaita. "Mu?"

"Ka ji ni ai. Tsohon za ka saya. Zai ɗauke mu mu huɗu, da Malama, da kayan da na auna da hannuna. Ba a tashi bayan sha ɗaya na safe, ba a tashi kafin biyar na yamma. Kuma daga yau duk wanda ya ce mini ɗan wani abu, a ƙasa zai kwana."

"Warin kajin fa?" in ji Maman 'Yan-biyu.

"Wari ba shi da nauyi, ƙanwata."

Aka yi dariya, ban da shi. Ya buɗe sabon shafi ya jera su ɗaya bayan ɗaya da lambobinsu na gaskiya, yana kare na Maman 'Yan-biyu da tafin hannu. Da ya zo layi na ƙarshe, nasa, ɗari da huɗun ta fito a karkace kamar rubutun mai koyo.

Malama ta riga ta kira Auta, ta miƙo masa wayar. Ihun murnar Auta har dillali ya ji. A bayanta akwai wata ƙaramar murya tana gwaranci, ana buga cokali a kan wani abu.

"Baba, da gaske? Da gaske za ka hau jirgi?"

"Haka suka ce." Ya juya wa mutane baya, ya matsa kusa da fiffiken tsohon jirgin. Ya nemi abin da zai faɗa, bakinsa ya kawo abin da ya saba. "Yaron nan, kilo nawa ne yanzu?"

"Wallahi ban sani ba, Baba, ɗan lukuti ne dai. Bari in kai shi asibiti ranar Litinin a auna maka."

Ya dubi hannunsa na hagu, baƙin mai ya cika layukan tafin, hannun da bai taɓa kuskuren awo ba.

"A'a," ya ce. "Kada ki kai shi. Ki bari in zo."